An ɗaura auren ƙanena da 'yar Yukren a masallaci babu rajistar gwamnati: wane gurbi zai cika a fom ɗin biza?

Maman Hanif, Bradford

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da shan ruwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya kwana biyu yana hana ni barci.

Ƙanena, autan ɗakinmu, ya tafi Kharkiv karatun likita a 2017. A can ya haɗu da wata yarinya Musulma 'yar ƙabilar Tatar ta Kirimiya. Su ma hijira ce ta kai su Kharkiv a 2014, lokacin da Rasha ta ƙwace yankinsu. A watan Oktoba na 2020 aka ɗaura musu aure a masallaci. Mahaifinta ya rasu, don haka baffanta ne ya yi waliyyi. An biya sadaki, shaidu sun halarta, mu kuma muka kalla ta waya, ni daga nan, Hajiyarmu daga Kano tana ta share hawaye da bakin mayafi. Liman ya ba su takarda mai hatimin masallaci. Rajistar gwamnati ce kawai ba su yi ba. An ce sai ya kawo shaidar cewa ba shi da mata daga Najeriya, a buga mata hatimai, a fassara, ga korona ta rufe ko'ina. Suka ce sai an sami sarari, har yaƙi ya ɓarke ba su yi ba.

Sun zauna tare a unguwar Saltivka har farkon Maris na 2022. Kwana shida suka yi a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa kafin su sami jirgin Lviv, suka tsallaka Polan ta Medyka su uku da mahaifiyarta. Jinin Hajiya ya hau, ta ce lallai sai ta gan shi da idonta, sai ya biyo jirgin da gwamnatin Najeriya ta aika kwaso ɗalibai. Matar ta zauna da mahaifiyarta a Polan. Wata goma sha ɗaya suka yi ba sa tare. A Fabrairun 2023 muka haɗa kuɗi, har da filin Hajiya da aka sayar, ya koma Polan da bizar ɗalibi ya ci gaba da karatun. A Disamba Allah ya ba su 'ya mace.

Yana gama karatu tsakiyar shekarar nan ta 2024, kuma izinin zamansa na ɗalibi ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bara na sami takardar zama ta dindindin, gidan da muke haya ɗaki uku ne, maigidana kuma ya amince. Ina son in ɗauke su a ƙarƙashin shirin Homes for Ukraine, wanda gwamnatin Birtaniya ta yi don mazauna ƙasar su sauki 'yan Yukren a gidajensu. Ita da jaririyar ba na jin akwai matsala. Shi ne abin dubawa, domin fasfonsa na Najeriya ne, sai ta hanyarta zai shiga.

A fom ɗin akwai gurbin miji ko mata, akwai kuma gurbin waɗanda suke tare ba su yi aure ba, wanda aka ce sai sun shekara biyu tare. Idan ya cika na miji, takardar masallaci za ta wadatar? Idan ya cika ɗayan, watannin nan goma sha ɗaya da suka rabu ba za su ɓata lissafin ba? Wani abu kuma da ya fi damuna: da na yi wa Hajiya bayani a waya sai ta yi shiru, can ta ce, "Yanzu ɗana zai rubuta da hannunsa cewa zaman dadiro yake yi? To jikar tawa kuma mece ce?" Tun ranar ba ta sake ɗaga maganar ba, ni ma na kasa.

Wanda ya san kan abin nan ya taimaka mini don Allah.

Baban Yusra, Manchester

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya jaririya. Ni a ganina aure ai aure ne. Ya cika gurbin miji, ya ɗora takardar masallacin da fassararta. Ni da takardar da aka ba mu a Zariya na kawo iyalina, babu wanda ya ce mini komai.

Ummu Safwan, Leeds

Maman Hanif, sannu da ƙoƙari. Ni ba lauya ba ce, amma na yi aikin sa kai da wata ƙungiyar taimakon 'yan gudun hijira tun 2022, kuma na zauna da iyalai da dama muna cika wannan fom ɗin. Zan faɗa miki abin da na sani.

Baban Yusra, ka yi haƙuri, taka daban ce da tasu. Birtaniya tana karɓar auren da aka ɗaura a wata ƙasa ne idan dokar ƙasar da aka ɗaura shi ta amince da shi. Dokar Najeriya ta amince da auren Musulunci, shi ya sa takardar Zariya ta yi maka aiki. A Yukren ba haka ba ne. Dokar iyali ta ƙasar, sashe na 21, ta ce aure shi ne wanda aka yi wa rajista a ofishin gwamnati, kuma ɗaurin aure na addini ba ya haifar da haƙƙin miji da mata a gaban hukuma. Coci da masallaci duk ɗaya ne a wannan. Saboda haka idan ya cika gurbin miji ya ɗora takardar liman, ma'aikacin da zai duba zai nemi takardar rajista, bai gani ba, sai a tsaya tambaye-tambaye ko a ƙi.

Gurbi na biyu shi ne nasa, kuma bai kai munin da kike tsoro ba. Shafin gwamnati da kowa ke karantawa ya rubuta cewa sai an zauna tare shekara biyu. Amma ainihin ƙa'idar da ma'aikatan ke aiki da ita cewa ta yi dangantakar ta kasance irin ta aure kuma ta kai aƙalla shekara biyu kafin ranar nema. Idan akwai lokacin da mutane ba sa gida ɗaya, ana duba dalili, ana kuma duba ko zumuncin ya ci gaba. Ki lissafa nasu: daga Oktoban 2020 zuwa Maris ɗin nan na 2024 shekara uku da wata biyar. Ko zaman ɗaki ɗaya kaɗai aka ƙirga, wata goma sha shida a Kharkiv da wata goma sha uku a Polan sun haura shekara biyu. Abin da ya raba su kuma yaƙi ne da rashin biza. Kada ya ɓoye watannin Kano, fasfonsa ma zai nuna su. Ya rubuta wasiƙa shafi ɗaya ko biyu, ya jero kwanakin yadda kika jero mana, ya haɗa da shaidar abin da ya gudana tsakaninsu a lokacin: kuɗin da ya tura mata, tarihin kiran waya, takardun neman bizar komawa.

Sai abin da nake ganin kin tsallake, kuma shi ne ya fi ƙarfi. Jaririyar. Dokar Yukren tana ba yaro ɗan ƙasanci idan ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasar ne, ko a ina aka haife shi. A cikin waɗanda shirin ya lissafa a matsayin iyali na kusa akwai uba ko uwar yaro ɗan Yukren da bai kai shekara 18 ba. Kenan ƙanenki yana da ƙofa biyu, ta matarsa da ta 'yarsa, kuma ta biyun ba ta dogara da ƙirgen watanni ba. Abin da take buƙata shi ne shaidar cewa shi ne uba, da shaidar cewa yarinyar 'yar Yukren ce. Sharaɗin zama a Yukren kafin 1 ga Janairun 2022 shi da matar sun cika shi, yaran da aka haifa bayan ranar kuma ba a neman sa daga gare su.

Ta ɓangarenki: ranar 19 ga Fabrairun 2024 an sauya doka. An rufe ɗayan shirin, na 'yan'uwa, kuma aka ce sai ɗan Birtaniya, ɗan Ayalan, ko mai takardar dindindin ne zai iya ɗaukar baƙi. Ke kin tsira. Bizar sabbin masu nema ta koma wata 18 maimakon shekara uku. Ba a biyan ko kwabo wajen nema. Kowannensu fom ɗinsa daban, har jaririyar, a haɗa su da sunanki. Shi dole ya je cibiyar biza a ɗauki zanen yatsunsa.

Kafin ku tura, ku biya ku ga mai ba da shawarar shige da fice mai rajista da hukumar Birtaniya da ke sa ido a kansu (a 2024 sunanta OISC), ko lauya. Zama ɗaya ya isa. Dokokin nan suna sauyawa ba sanarwa, na Fabrairu rana ɗaya aka sanar kuma ranar ya fara aiki.

Baban Yusra, Manchester

To madalla, na ƙaru. Ashe wurin ɗaurin ne ya bambanta. Hajiya ki bi maganar Ummu Safwan, ki bar tawa.

Ɗan Sumy

Anti, ni ma ɗalibi ne a Yukren, muna cikin waɗanda suka maƙale a Sumy har 8 ga Maris aka buɗe hanya zuwa Poltava. Akwai wani abu da ya kamata ki tambayi Yaya tun yanzu. Yawancinmu adireshin da ke jikin katin zamanmu na ɗakin kwanan ɗalibai ne, ko da mun koma haya a cikin gari. Masu gidaje ba sa son a yi rajistar baƙo a gidansu, kuɗin haya kuma hannu da hannu ake ba su. Idan haka ne nasa, takardar hukuma za ta nuna yana hostel alhali yana Saltivka. Gara ya faɗa da kansa a wasiƙar kafin su gano su ɗauka ƙarya ce.

Abubuwan da suka rage wa mutane irinmu suna cikin waya. Ya buɗe manhajar bankinsa, PrivatBank ne ko Monobank, ya sauke tarihin tun 2020. Zai ga kuɗin cefane da yake tura mata, da wanda yake tura wa mai gida in ta kati ne. Manhajar Nova Poshta, kamfanin aika kaya na Yukren, tana ajiye tarihin saƙonni, idan su biyun reshe ɗaya suke karɓar kaya na unguwa ɗaya, wannan ma shaida ce. Kwangilar intanet ta gida, odar abinci, tasi da suke kira daga ƙofa ɗaya. Hirarsu da mai gida a Viber ko Telegram. Ni lambar Yukren ɗina ta mutu na rasa shiga bankin gaba ɗaya, don haka in tasa tana raye kada ya bari kati ya ƙare a kai.

Mai gidan nasu in yana raye kuma ana samunsa, ya rubuta musu wasiƙa da kwanan yau cewa sun zauna a gidansa daga kaza zuwa kaza. Saltivka ta sha wuta sosai, Allah ya sa dai mutumin yana lafiya.

Maman Hanif, Bradford

Ummu Safwan, Allah ya saka da alheri, wallahi maganar jaririyar ko kaɗan ba ta zo mini a rai ba. Ɗan Sumy, ka faɗi daidai, yanzu na kira ƙanen nawa, adireshin hostel ne a katin. Matar da ta ba su haya tana Dnipro wajen 'yarta, suna gaisawa har yanzu.

Bari in faɗi wani abu a fili. Tun da na sa rubutun nan mutum biyu suka biyo ni ta saƙon sirri. Ɗaya ya ce zai haɗa mana takardar aure ta Najeriya mai ɗauke da kwanan watan Oktoban 2020, kamar a Kano aka ɗaura, a kan wani kuɗi. Ban amsa masa ba, amma ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ɗan karkata, don da ita maganar Hajiya ta mutu.

Shugaban zaure

Maman Hanif, turo mini sunayensu ta gefe. Irin wannan sana'a ba a yin ta a zauren nan.

Ummu Safwan, Leeds

'Yar'uwa, kada ki kusanci wannan takarda. A Oktoban 2020 fasfonsa babu hatimin shiga Najeriya, nata ma ba ta taɓa zuwa ba, ga hotunan ɗaurin auren a Kharkiv. Ana tura takardun Najeriya a tantance su. Idan aka kama takardar bogi, ƙin biza ne, kuma ana iya hana shi shiga Birtaniya har shekara goma. Likita ne, wannan tabon zai bi shi duk inda ya nemi rajistar aiki. Ke ma sunanki yana jikin fom ɗin. Mutumin da yake da gaskiya har ƙofa biyu, me zai kai shi tsallake katanga?

Malam Abu Zainab, Birmingham

Assalamu alaikum. Hajiya, ni ɓangaren da ya shafi mahaifiyarku zan taɓa, domin shi ne nake jin ya fi miki nauyi.

Bisa abin da kika bayyana, an sami waliyyi, an yanka sadaki an biya, shaidu sun ji, an yi siga. Auren ya ƙullu. Matarsa ce ta halal, yarinyar 'yar sunna ce, tana cin gadonsa, sunansa take ɗauka. Babu fom ɗin wata gwamnati da zai warware abin da aka ƙulla ta wannan hanya.

Tambayar da ke cikin fom ɗin ba ta halal da haram ba ce. Suna tambaya ne: akwai auren da ofishin gwamnati ya rubuta a littafinsa? Amsar gaskiya ita ce babu. Idan ya ce akwai, nan ne ya yi ƙarya, kuma a cikin azumi. Sannan ba a hana shi bayani ba. Ya rubuta a wasiƙarsa cewa an ɗaura musu aure bisa shari'ar Musulunci ranar kaza a masallaci kaza, waliyyi wane, kuma ba a yi rajista ba saboda kaza. Ya ɗora takardar liman a matsayin shaida. Ita ce ma za ta nuna musu ranar da zaman ya fara. Kin ga bai rubuta dadiro ba, ya rubuta aure ne da hukuma ba ta rubuta ba.

Hajiyarku ba doka take tambaya ba, mutuncin jikarta take karewa, kuma tana da gaskiya. Kada ki fassara mata gurbin da kalmar da ta ji tsoro. Ki ce mata gurbin waɗanda aurensu bai shiga littafin gwamnati ba ne. Auren iyayenmu da kakanninmu da yawa a ƙauye babu wanda ya rubuta shi a ko'ina, ita ma ta san haka. In kina ganin zai fi, ki sa limamin unguwarku a Kano ko wani babba da take jin maganarsa ya zauna da ita.

Amma ina ba ƙanen naki shawara, da zarar hali ya yi, ya yi rajistar. Mun ga mata da yawa a ƙasar nan da aurensu na masallaci ne kawai, miji ya rasu ko aka rabu, suka tashi ba su da komai a gaban kotu. Haƙƙin yarinyar mutane ne a wuyansa.

Abu Maryam, Wrocław

Anti, ina zaune a Polan shekara bakwai. Abu biyu.

Na farko, takardar haihuwar. A nan idan iyaye ba su da auren rajista, sunan uba ba ya shiga haka kawai. Sai uban ya je ofishin rajista ya amsa da bakinsa cewa 'yarsa ce, uwar ta tabbatar. Idan ba a yi haka ba, ba sa barin gurbin uba a buɗe, suna sa sunan da uwar ta faɗa sannan su liƙa masa sunan dangin uwar. Mutum zai ga sunansa na farko a jiki ya ɗauka shi ke nan, alhali a doka ba a san shi ba. Ya ɗauko takardar ya duba: sunan danginsa ne a gurbin uba ko nata? Sannan ya nemi cikakken kwafi, ba gajeren ba, ya kai wa mai fassara mai rantsuwa ya mayar da shi Turanci.

Na biyu, na san wani zai ce su je su yi rajistar auren a Polan kawai a huta. Ana yi, amma ba da sauri ba. Baƙo sai ya kawo shaida daga ƙasarsa cewa dokarta ta ba shi damar aure, in ya kasa sai kotu ta yafe masa, kuma zaman kotu yana cin watanni. Bayan an karɓi takardu ma akwai jiran wata guda. Rashin rajistar nan shi ne ya hana shi samun kariyar da matarsa ta samu tun farko, domin dokar musamman da Polan ta yi a Maris na 2022 'yan Yukren ta shafa da mazansu ko matansu na rajista. Da suna da takardar, da bai sha wahalar bizar ɗalibi ba. Su fara neman rajistar yanzu, amma kada su jingine fom ɗin Birtaniya suna jiran ta.

Fasfon jaririya kuma su nemi layi a ofishin jakadancin Yukren yau ɗin nan, layin yana da tsawo.

Hajiya Maman Ikram, Hamburg

Mutane da yawa daga nan Jamus Danmak suke tsallakawa su yi rajistar aure, domin takardun da ake nema ba su kai na nan yawa ba kuma ta intanet ake turawa. Sharaɗi dai su biyun suna da izinin zama na halal. Tun da katinsa na ɗalibi bai ƙare ba, ku bincika wannan ma.

Baban Yusra, Manchester

Ni kuma wani tunani ya zo mini. Mu ai ɗaurin aurenmu dama wakilai ne suke yi, ango da amarya ba sai sun halarta ba. Me zai hana a sabunta shi a Kano, da wakilinsa da wakilin waliyyinta, a karɓi takarda ta gaskiya mai kwanan ranar da aka yi?

Ummu Safwan, Leeds

Wannan ba irin ta mai saƙon sirri ba ce, Baban Yusra, domin babu ƙarya a ciki. Birtaniya tana karɓar auren wakilci idan ya inganta a dokar ƙasar da aka yi shi. Sai dai irin takardar nan ana sa mata ido sosai, za a so ganin shaidar wakilcin da rajistar da ta biyo baya, kuma takardar da aka yi makonni kaɗan kafin neman biza tana jawo tambaya. Ni da za a bi tawa, ba zan ƙara wani sabon abu a kan fayil ɗin da ya riga ya tsaya da ƙafarsa ba. Amma wannan tambaya ce ta lauya, Maman Hanif ki rubuta ta cikin waɗanda za ki kai masa.

Dakta, Hull

Yaya Maman Hanif, kowa yana maganar yadda za su shigo, ni ina so in yi maganar bayan sun shigo, don na bi hanyar da ƙanenki zai bi.

Wata 18 ba yawa ba ne, kuma bizar Yukren ba ta kaiwa ga takardar dindindin, shekarunta ba sa shiga lissafi. Amfaninta shi ne tana ba shi damar aiki kowane iri daga ranar da ya sauka, ga asibiti, ga tallafi in sun buƙata. Shi kuma sai ya sami rajista da GMC, hukumar rajistar likitoci ta Birtaniya, kafin ya taɓa majinyaci a matsayin likita. Akwai jarrabawar Turanci, akwai tantance takardun makaranta. Wanda ya fara karatu a wata ƙasa ya ƙarasa a wata, ana bin diddigin yadda aka haɗa shekarun, don haka ya karanta sharuɗɗansu da kansa tun yanzu, ya ga ko sai ya yi PLAB, jarrabawar da suke yi wa likitocin da suka yi karatu a waje, ya kuma nemi cikakken sakamakonsa na Kharkiv tun makarantar tana amsa saƙo.

Babban abin da nake roƙo: kada ya bar Polan sai takardar kammalawa tana hannunsa. An sayar da filin Hajiya a kan karatun nan. Izinin shigowa yana da wa'adi, don haka ku daidaita lokacin turawa da ranar gamawarsa. Ku tambayi lauyan wannan ma, domin jinkiri yana da nasa haɗarin, tun da ga yadda aka sauya doka a watan jiya.

Ke kuma ki shirya. Ƙaramar hukuma za ta zo duba gidan, za a binciki tarihin duk babban da ke kwana a ciki. Ki tanadi takardar duba gas da na'urar hayaƙi. Ki nemi izinin mai gidan hayarki a rubuce. Alkawarin wata shida ne aƙalla. Gida ɗaya da ƙani da matarsa da jaririya, ga naki yaran, ga aikin dare, ku zauna da maigidanki ku yi maganar girki da kuɗin wuta tun kafin su zo. Na ga zumuncin da ya yi tsami a kan abin da bai kai wannan ba.

Maman Hanif, Bradford

Jama'a, na dawo da bayani, Allah ya biya ku.

Abu Maryam, ya duba. Sunanmu ne a gurbin uba, ashe tun tana da ciki suka je ofishin tare ya amsa. Gajeren kwafi ne a hannunsu, gobe zai je neman cikakken. Sun sami layin fasfon jaririya a watan gobe. Lambar Yukren ɗinsa tana raye, jiya bayan tarawihi ya sauke tarihin banki, ya turo mini shafi arba'in da wani abu. Na zauna ina dubawa, ga kuɗin haya duk ranar biyar ga wata, ga na ƙarshe ranar 5 ga Fabrairun 2022. Na daɗe ina kallon wannan layin.

Malam, na kira Hajiya da asuba bayan sahur, lokacin da ta fi natsuwa. Na faɗa mata yadda ka faɗa, na kuma ce zai rubuta da hannunsa cewa an ɗaura aure, da sunan waliyyi. Ta tambaye ni ko Turawan za su karanta wurin. Na ce za su karanta. Ta ce to ya rubuta har da sadakin nawa ne. Sannan ta ce a gaya masa ita ba ta yafe rajistar ba, ya yi ta ko bayan sun iso.

Na sami lauya, ranar Alhamis za mu zauna. Mai gidan hayarmu ya amsa da baki, ina jiran rubutaccen.

Saura abu ɗaya da ban yi tsammani ba. Surukarsa ta ce ba za ta biyo su ba. A Uzbekistan aka haife ta, inda aka kwashe iyayenta a 1944. Tana budurwa suka koma Kirimiya, ta bar ta a 2014, ta bar Kharkiv a 2022. Ta ce wa 'yarta ta gaji da naɗe kaya, daga Polan in ta tashi gida za ta nufa. Matar ƙanen nawa tana ta kuka, ba ta son barin ta ita kaɗai. Ummu Safwan, idan suka taho yanzu, daga baya tsohuwar ta sauya ra'ayi, 'yarta za ta iya ɗauko ta?

Ummu Safwan, Leeds

'Yar ba za ta iya ba, a dokar yau. Shirin 'yan'uwa an rufe shi, ita kuma bizar wata 18 ba ta ba ta damar ɗaukar mahaifiyarta. Tsohuwar tana da haƙƙin nema da kanta tun da 'yar Yukren ce kuma tana can kafin 2022, amma sai ta sami mai ɗauka irinki, mai takardar dindindin ko ɗan ƙasa, kuma ƙaramar hukuma ta yarda gidan zai ɗauke ta. Ki ƙirga ɗakunanki da ita a ciki kafin Alhamis, ki tambayi lauyan ko gara a cika mata fom tare da su ko da ba ta yanke shawara ba. Sannan a bar 'yarta ta gaya mata wannan da yarensu, a hankali, ba a waya ba.